Goɗiyar da Aka Hana Sukuwa

Ƙarfe uku da minti ashirin na yammacin wata Juma'a, cikin sanyin Alƙahira, aka sa wa goɗiyar linzamin Kaka. Na san lokacin daidai domin agogo yana hannuna. Aikina ne a gidanmu in ɗiga wa Kaka maganin ido sau huɗu a rana, na ukun kuwa ƙarfe uku da rabi ne, don haka ina tsaye jikin katangar barga ina jiran minti goma su cika. Kafin su cika, Abba yana kwance a ƙasa da karyayyen hannu.

Bari in koma baya kaɗan, kada in bar ka a hanya.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Muna zaune a Madinat Nasr, hawa na shida, ni da Umma da Abba, wanda ke fama da karatunsa mai tsawo. Ni yarinya ce marar magana. A makaranta malamai kan manta ina cikin aji sai ranar raba takardun jarrabawa. Idan baƙi suka zo, nakan gaishe su in shige ɗaki. Abin da ban iya faɗa ba nakan rubuta shi a wani ƙaramin littafi mai shuɗin bango, da rana da lokaci, kamar wani zai zo ya bincika.

Kaka, mahaifin Abba, ya zo daga gida ne a yi masa aikin ido. Duk rayuwarsa cikin dawaki ya yi ta. Daga garuruwa ake kawo masa doki mai gardama, ya mayar da shi mai ladabi. Kayansa ba su cika jaka ɗaya ba, amma a ƙasan jakar akwai wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohon rawani. Linzami ne na baƙin ƙarfe, irin namu mai zobe, wanda maƙerin garinsu ya ƙera wa mahaifinsa. Abba ya tambaye shi cikin ladabi me za a yi da linzami a asibiti.

"Kai da ka cika ɗaki da littattafai, na tambaye ka?" in ji Kaka.

Bayan la'asar yakan warware shi ya ɗora a cinya yana gogewa. Ni kaɗai yake bari in riƙe. Malama yake kirana, saboda littafina. Wata rana ya ce, "Malama, ji nauyinsa. Wanda ya gaje ni, shi zai ci gadon wannan." Na rubuta maganar, na ja mata layi.

Aikin ido ya yi kyau, amma likita ya ce sai ya zauna wata uku ana dubawa, kuma ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba hawan abin da zai jijjiga shi. Kaka ya fara ramewa. Yakan wuni a baranda yana sauraron hon ɗin motoci, a kawo abinci ya taɓa ya ture. Wata safiya mai sayar da kayan miya ya wuce ta ƙasa da keken dokinsa. Kaka, da bandeji a ido, ya karkata kunne ya ce dokin can ƙafarsa ta baya, ta hagu, tana ciwo. A ranar Abba ya gane irin maganin da ya rage.

A wani masallaci a Ard al-Liwa Abba ya san wani tsoho Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka fito aikin hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Ammu muke kiransa. Yana da 'yar barga a ƙarshen Giza, daidai inda gonaki suka ƙare rairayi ya fara, yana ba masu yawon shan iska hayar dawaki. Can muka fara zuwa duk Juma'a da Asabar: ƙaramar bas da suke kira mikrobas, sannan jirgin metro, sannan wani mikrobas ɗin. Tun kafin ka iso ƙofa za ka ji ƙamshin barsim, ɗanyar ciyawar da Misrawa ke ba dabbobi lokacin sanyi. Har yau idan amalanken barsim ya wuce ni a titi, sai na tsaya.

A turke na ƙarshe akwai wata goɗiya baƙa, doguwa, mai dogayen ƙafafu, da wasu fararen lambobi a wuyanta ƙarƙashin geza. Ammu ya ce a jirgin ruwa aka kawo ta daga ƙetare. Can tsere take yi, amma ba da mahayi ba: wani ɗan keke mai ƙafa biyu take ja, mutum yana zaune a baya. Da ta daina cin tsere aka sayar da ita, hannu zuwa hannu, har ta ƙare tana jan hantur, keken da ke yawo da baƙi a bakin Nilu. Ammu ya gan ta ta ba shi tausayi, ya karɓe ta da nufin ya mayar da ita ta hawa. Wata biyu ke nan ba wanda ya iya zama a bayanta. Kaka ya shafa ta tun daga wuya har kofato, ya sa mata suna Baƙuwa.

"Bakinta ne ya yi tauri," ya ce. "Ƙarfen da kuke sa mata na wasan yara ne. Juma'a mai zuwa zan zo da nawa."

A wurinmu, doki da linzami ake gaya masa gaskiya. Ka ja, ya tsaya. Ka ja da ƙarfi, ya yi zamiya. Haka Kaka ya gada, haka ya koya wa Abba tun yana yaro. Da yake shi an hana shi hawa, Abba ne ya hau.

Da farko ta tsaya cak tana rawar jiki. Abba ya zungure ta da dunduniya, ba ta motsa ba. Ammu ya kaɗa harshe, sai ta tafi. Abba ya ɗan ja linzami don ya rage mata sauri, sai ta ƙara. Ba sukuwa take yi ba, sassarfa ce, amma irin wadda ban taɓa gani ba, ƙafafunta suna miƙewa kamar za su bar jikinta.

"Ja ta," in ji Kaka. "Ja mana. Ko ka manta hannun da na koya maka?"

Abba ya ja da dukan ƙarfinsa. Ta miƙe wuya, ta jingina bakinta a kan ƙarfen, ta ƙara wuta. A kwanar fili ba ta lanƙwasa jiki ba, ta juya gaba ɗaya kamar katako, Abba ya zame ya faɗi kan hannunsa.

Kowa ya ruga wurin Abba. Ni tsoro ya kafe ni a inda nake, shi ya sa ni kaɗai na ga abin da ya biyo baya. Igiyar linzami na faɗowa a wuyanta, goɗiyar ta rage sauri da kanta. Taku kaɗan ta koma tafiya, sannan ta tsaya, ta sunkuyar da kai, jini na ɗiga daga bakinta.

Da aka ɗaure hannun Abba, Ammu ya ce, "Khalas, ya Hajj, magana ta ƙare. Akwai mai amalanken bulo da ya daɗe yana nemanta. Barga ba ta ciyar da dokin da ba a hawa." Na san waɗannan amalanken. Na sha ganin dawakinsu a kan gada, ƙirji duk gyambo, ana dukansu a hawan tudu. Kaka ya roƙi Ammu ya jira har ranar da likita zai sallame shi, mako tara. Ammu ya ce saboda furfura ya yarda, amma ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Al'adarmu ce bayan magariba in karanta wa Kaka abin da na rubuta a ranar, tunda idonsa ba ya karatu. Daren nan na tsallake layi biyu. Washegari ma haka. Ta yaya zan buɗe baki in gaya wa mutumin da ya shekara sittin a kan doki cewa jan da ya ce a yi shi ne ya karya hannun ɗansa? Kwana uku ina ɗauke da layukan nan kamar garwashi a aljihu. A rana ta huɗu na tuna da gyambon dawakin kan gada, na rufe fuskata da littafin na karanta da sauri: duk lokacin da Abba ya ja, ta ƙara gudu, da igiya ta faɗi, ta tsaya.

Na ji ƙarar lifta ta hau ta sauka. Na ji Umma tana wanke kwanuka.

"Sake karantawa," ya ce. "A hankali. Kuma cire littafin daga fuskarki, ba da bango nake magana ba."

Na sake. Ya tambaye ni sau nawa Abba ya ja. Na ce huɗu. Sau nawa ta ƙara gudu? Na ce huɗu. Ya naɗe linzamin cikin rawaninsa, ya tura ƙarƙashin gado.

Ammu ya je ya nemo tsohon mai hantur ɗin ya tambaye shi. Haka abin yake. A tseren da ta taso ciki, idan mai keke ya ja linzami, ma'anarsa an fara. Idan ya sassauta, an gama. Akwai kuma wani abu: a wannan tseren sassarfa kaɗai aka yarda da ita. Dokin da ya ɓarke da sukuwa ya faɗi tseren, kuma bulala ce ladansa. Ashe ba taurin kai take yi ba. Biyayya take yi wa mutanen da ba sa nan.

Daga nan aikin ya koma wani iri. Kaka ya sa aka cire mata duk wani ƙarfe, aka sa ragama ta igiya. Ya zauna a kan kujerar roba da baƙin tabarau, yana shan shayin Ammu mai kauri, ni ce idonsa. Nakan gaya masa ina kunnuwanta suka nufa, ko wutsiya ta lafa, ko tana tauna baki. Ya tilasta mini in riƙa faɗa da ƙarfi. "Malama, muryar nan taki ko sauro ba za ta tasa ba. Wa zai aure ki in ban da ni?" Sai in ce ni ba na son tsoho mai ido ɗaya, ya yi dariya har shayi ya zube. Da shi kaɗai nake iya irin wannan.

Mun fara daga abin da ta sani. Ammu ya riƙa binta a baya da dogayen igiyoyi, kamar keke na nan, yana kaɗa harshe ta tafi, ya sassauta ta tsaya. Fatun da ake kare mata gefen ido da su tun tana ƙarama, ba mu cire su lokaci ɗaya ba. Kowane mako Kaka kan sa a yanke faɗin yatsa, domin ba ta taɓa ganin mutum a samanta ba, inuwa ma firgita ta take yi. Umma ta ba mu tsohon wandon Abba, muka cika shi da rairayi muka ɗaure ƙafafun, muka ɗora mata shi ya yi ta reto a haƙarƙarinta har ta daina kulawa. Tunda ta saba juyawa tsakanin sandunan keke, jikinta bai san lanƙwasa ba, sai muka riƙa zagaya da ita gindin wani dabino, hagu da dama, ina riƙe da karas a gefen cikinta tana miƙo wuya. Da hutun tsakiyar shekara ya zo muka koma zuwa kullum. Kaka ya fara cinye tuwonsa yana neman ƙari.

A mako na shida ya ce lokacin hawa ya yi, kuma ni zan hau.

Umma ta ce ba da yawunta ba, karaya ɗaya ta ishi gidan. Abba, da hannu rataye a wuya, ya ce, "Baba, ku duba dai. Yarinya ce." Kaka ya ce ya duba, da idon da aka gyara ma. Ya ce duk wanda ya taɓa koyon hawa a garinmu, ran da ya ji tsoro hannunsa zai ja tun kafin ya yi tunani. Ni ban koyi komai ba, babu abin da zan manta. Bayan kwana biyu Umma ta ɗinka mini wando mai faɗi na sawa ƙarƙashin riga, ta ajiye a kan gadona.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Daga saman Baƙuwa ƙasa ta yi nisa sosai. Ammu yana riƙe da ragama, Kaka ya dafa gwiwata ya ce, "In kin ji tsoro, saki numfashi, ki buɗe yatsu. Shi ke nan karatun." Na riƙa matsa ta da ƙafa a daidai lokacin da nake kaɗa harshe, har ta gane maganar ɗaya ce. Cikin mako biyu muna tafiya, muna tsayawa, muna juyawa mu kaɗai.

Sukuwa ce ta gagara. Ammu ya faɗa tun farko: masu haya sukuwa suke zuwa nema a rairayi, dokin da ba ya yi ba shi da wuri a bargarsa. Ita kuwa duk yadda na roƙe ta, sai dai ta ƙara tsawon sassarfa har haƙorana su riƙa haɗuwa.

Asabar ta ƙarshe, mai amalanken ya zo da igiyarsa, ya zauna a kan katanga yana shan taba. Kaka ya ce a fita da ita bayan barga, inda wani tudun rairayi mai laushi yake. Ya ce a irin wannan wuri ƙafa na nutsewa, sassarfa wahala ce, jikinta da kansa zai nemi sauƙi. Muka hau sau ɗaya, ba ta yi ba. Sau biyu, ba ta yi ba. A na uku, a tsakiyar tudu, na ji bayanta ya tattaru ƙarƙashina ya ɗaga, kamar igiyar ruwa ta ɗauke ni. Taku uku ta yi. Sai ta tsaya da kanta, ta kwantar da kunnuwa, ta matse wutsiya, duk jikinta na kyarma. Bulala take jira.

Na waiwaya na faɗa wa Kaka abin da nake gani. Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga mai amalanken ya juyo.

"To yabe ta mana," in ji Kaka daga ƙasa. "Kina da baki. Gaya mata ba ta yi laifi ba."

Na kwanta a wuyanta ina shafa lambobin nan, ina yi mata magana da Hausa, da Larabci, da duk abin da ya zo bakina. Na ba ta dabinon da ke aljihuna. A hankali kunne ɗaya ya miƙe, sannan ɗayan. Muka sauko muka sake hawa. Wannan karon ba ta tsaya ba sai a ƙwanƙolin tudu, inda na saki numfashi na buɗe yatsu. Daga can ana hango gonakin barsim kore shar, da hayaƙin gari a bayansu.

Ammu ya je wurin mai amalanken ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya basha. Sha shayi ka tafi."

Ranar Talata jirgin Kaka ya tashi. Na taya Umma haɗa masa jaka, na ga rawanin nan a ninke, ba komai a cikinsa. Na duba ƙarƙashin gado, na duba ƙarƙashin matashina, domin a raina na gama yanke cewa ni zai bar wa. Juma'ar da ta biyo baya na ga linzamin rataye a ƙusa a ɗakin sirdin Ammu. Ban tambayi kowa ba. Na koma gida na buɗe shafin da na ja wa layi, na daɗe ina kallo. Na ce a raina, ko don ni mace ce, ko kuwa layukan nan biyu sun yi masa ciwon da bai nuna ba.

Kaka ya rasu bayan shekara huɗu, a gida. Mun sha magana ta waya, yana tambayar Baƙuwa kafin ya tambayi Abba, amma ban taɓa ɗago zancen ba. Baƙuwa ta yi shekara tara ana hawanta. Ita Ammu ke ba yara da matsorata, domin ba dokin da ya kai ta sanin hannu mai rawa. Ta mutu a turkenta, cikinta cike da barsim.

Yanzu ina jami'a, ina haya da wasu 'yan mata a Abbasiya, su Abba sun koma gida. Har yanzu ba ni da yawan magana, amma idan na ga abu a aji nakan ɗaga hannu in faɗa, ko da malamin ya girmi Abba. Na san inda na koyi wannan. Gonakin da muke hangowa daga tudu yawancinsu sun zama benaye na jan bulo, bargar ma dawaki huɗu suka rage. A hutun sanyin da ya wuce na je gaishe da Ammu. Ya tsufa ƙwarai, a kujerar robar nan yake wuni. Linzamin yana nan a ƙusarsa, ba tsatsa ko kaɗan, alamar ana goge shi. Na sha shayi kofi biyu kafin na iya tambayarsa.

"Ammu, me ya sa Kaka ya bar maka wannan, bai bar mini ba?"

Ya ajiye kofinsa, ya dube ni, ya yi dariya har da tari.

"Shekara goma sha ɗaya, ya bitti, 'yata. Na ce zan mutu da saƙon nan a bakina. Ba ni ya bar wa ba, ajiya ce. Cewa ya yi kada in faɗa miki sai kin tambaya da bakinki. Ya ce, in ta tambaya, ka ce mata naki ne, ki ɗauka ki rataye inda za ki riƙa gani. Amma kada ki sa shi a bakin kowace dabba. Ya ce shi shekara sittin yana gaya wa doki abin da zai yi, bai taɓa tambayar doki me aka koya masa kafin ya zo hannunsa ba, sai da Malama ta karanta masa."